Uwar Da Na Kora Bakin Taga

Kun shigo ɗakin yara kun same ni a kan kujerar roba, hannuwana a cinya, kun fita kuna cewa aikin Iya Asabe zama ne. Maganar ta dawo kunnena. Ɗaya daga cikinku ma cewa ta yi in za a ba ta kujerar nan da fanka, za ta shekara talatin ba ta gaji ba. Tunda ku aka ɗauka ku gaje ni, ku ajiye wayoyin nan ku ji abin da zaman ya ƙunsa.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Atanda aka ɗauke ni, wato mai shara da wankin zanen gado da kwashe fo. Kayan aikina ba su da yawa: tsintsiya, bokiti, daro na ruwan ɗumi, tsumma guda uku, mafici, ledar shimfiɗa, sai tocila. Tsumman nan kada ku raina su. Ɗaya na goshi da wuya, ɗaya na baki, ɗaya na ƙasa, kuma ba sa haɗuwa ko a wajen shanya. Ruwan goge jiki kuwa da gwiwar hannu ake gwada shi. In ya yi sanyi yaro zai kama makyarkyata, zafin ya koma ciki. Na sha ganin uwa ta kwaro wa ɗanta ruwan randa tana ganin taimako ta yi.

Wadda ta koya mini aiki Sista Rifkatu ce, daga wani ƙauye a bayan Garun Malam, cikin Maguzawan da suka shiga coci. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya. Satina na biyu ta karɓe tsintsiya daga hannuna, ta tsayar da ni a gindin gadon wata yarinya da ta suma, ta ce kada in taɓa komai, in duba kawai. Tun hantsi nake tsaye har aka kira azahar. Da ta dawo ta tambaye ni me na gani, na ce yarinya tana barci. Ta ce in dawo gobe in sake tsayawa. Kwana huɗu na yi a haka, ƙafafuna suka kumbura. A rana ta huɗu na ce mata gefen bakin yarinyar yana ɗan rawa, idonta yana zamewa gefe guda, yawu yana taruwa, numfashinta yana tsayawa ya dawo. Ta ce to, yau na fara aiki. Abin da na gani ɗin jijjiga ce, irin wadda ba ta girgiza jiki. Kowa ya san babbar jijjiga, wadda yaro zai sandare ya yi ta taune-taune har maƙwabta su taru. Ƙaramar ita ce mugu, don ana zaune ana hira a gefen gado tana cin ƙwaƙwalwar yaro.

A ƙasar nan tamu sauro ba ya hutu. Wasu garuruwan in damina ta ɗauke sai zazzaɓi ya lafa. Mu kuwa daga Kura zuwa Kadawa zuwa Bunkure ruwan kanal yana gudu rani da damina, shinkafa tana tsaye cikin ruwa, an gama tumatir an shiga albasa. Abin da ke ciyar da mu shi ke kiwata mana sauro. Yawancin zazzaɓin cizon sauro a sha magani ne a tashi. Amma akwai wanda ke haurawa kai. Yaro yana wasa shekaranjiya, jiya jiki da zafi da amai, yau an kira shi bai amsa ba.

Wani likita da ya zauna da mu shekara biyu, mai son bayani, shi ya fahimtar da ni yadda abin yake. Ya ce ƙwayar cutar tana shiga cikin ƙwayoyin jini, sai su yi danƙo, su manne a jikin ƙananan hanyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa. Na ce kamar yadda laka da ciyawa ke toshe ƙananan kanal, gonar ƙarshe ta rasa ruwa? Ya ce haka ne, sai dai a nan gonar ba bushewa kawai take yi ba, kumbura take yi. Ƙoƙon kai kuma ƙashi ne, ba ya buɗewa. In ƙwaƙwalwa ta kumbura ta rasa wurin zuwa, sai ta danne wurin da ke riƙe da numfashi. Shi ya sa yaro zai daina numfashi zuciyarsa tana bugawa. Ya ce masu bincike har ɓeraye suke sa wa irin cutar don su ga yadda take ɓata kai, kuma na ɓera bai zo daidai da na mutum a komai ba, amma kumburin da tsiyayar hanyoyin jini ana gani a duka biyun. Na ce masa Allah ya ba su sa'a, amma ɓera ba shi da kaka da za ta ɗura masa jiƙo yana sume. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ɗurar nan ita ce yaƙinku na kullum. Yaron da ya suma ba ya haɗiya, abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya. Za a zo da jiƙo a gora, a zo da rubutu a kwalba, a zo da man shanu. In jijjiga ta tashi za a nemi cokali a cusa tsakanin haƙora, na ga haƙoran da aka karya a haka. Kada ku tsaya musu da mutane a kan aljanu, ba za ku ci ba, kuma in kun ƙure su za su naɗe ɗansu su tafi. Ni abin da nake cewa shi ne, rubutu ayar Allah ce, ba a hana ta, amma a ɗakin nan shafawa ake yi, ba a ɗurawa. In karɓi kwalbar da hannu biyu, in zuba a tafin uwar, ta shafa masa a goshi da ƙirji, sauran in ajiye a kan taga inda idona yake. Cokali kuwa aljihuna yake shiga. Yaro a kwantar da shi a gefensa, a share bakin, a kira nas. Juyi duk bayan ɗan lokaci, kada ya kwana a ɓari ɗaya jikinsa ya yi gyambo. Fitsari a duba launinsa kafin a zubar, in ya yi baƙi kamar shayi ba madara a faɗa. Tafin hannu da cikin fatar ido a duba, in sun yi fari jini ya ƙare. Duk wannan ba wanda zai rubuta muku a kati.

Akwai shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, kanal ta cika ta haura gonaki, hanyar ƙauyuka ta yanke. Mutane ba sa isowa sai ciwo ya yi nisa. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku a gicciye, har baranda aka shimfiɗa tabarmi, ana rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusa. Lokacin ba a kawo allurar da ake yi yanzu ba, maganin kinin ake sawa a cikin ruwan ƙarin yana ɗiga a hankali, shi kuma yana jan sikarin jikin yaro ya faɗi. Nas biyu ne a ɗakin duka. Cunkoso ya sa aka kafa doka: kowane yaro mai jinya ɗaya, sauran waje. Ni aka ba wa tsaron dokar, don an san ba ni da kunyar kora.

A cikin wannan shekara aka kawo wani yaro daga rugar Fulani ta wajen Bunkure, bai wuce shekara huɗu ba. A kati an rubuta Usmanu. Mata biyu suka biyo shi. Tsohuwar, kakarsa ta wajen uba, ita ta rungumo shi, tana kuka tana kiran Maigida, Maigida, tana cewa mijinta zai tafi ya bar ta. Ƙaramar, uwarsa, Habi sunanta, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kaya a ka, fuskarta a bango. Nas ta tambayi yaushe ciwon ya fara, tsohuwa ta ce yau da safe. Aka tambayi uwar, ta yi shiru. Na matsa kusa na ce ke ba ɗanki ba ne? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Na ce a raina wannan ba ta damu ba. Na nuna mata ƙofa, na bar tsohuwa a gado na huɗu, na jikin taga.

Kuskuren da na yi ke nan, kuma ba ni da hujja, don ni ma na yi kunyar ɗan fari. Nawa ɗan farin har ya yi gemu ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Na san uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, balle a gaban surukarta, balle Bafulatana, da tasu kunyar ta ninka tamu. Daga baya ma na ji yaron sunan mahaifin mijinta ya ci, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Amma ranar ɗaki ya cika, kaina ya yi zafi, na zaɓi mai kuka na kori mai shiru.

Washegari da hantsi ina bakin famfo ina wankin leda, sai na ji an ja gefen zanena. Na waiwaya, Habi ce. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ce, "Iya, wancan na jikin taga. Ɗan yatsansa na hagu yana motsi. Sau shida ke nan tun da rana ta fito."

Na yar da ledar na shiga. Tsohuwa tana zaune tana yi masa fifita tana ba maƙwabciyarta labarin shanunsu, ta ce mini Maigida barci yake, ya samu sauƙi. Na ɗaga mayafin. Babban ɗan yatsa yana fizga, gefen baki yana rawa, ido ya zame hagu. Na kira nas. Aka yi masa allurar tsayar da jijjiga, aka soki yatsa aka ga sikari ya faɗi ƙasa, aka ba shi ta jijiya. Da na ɗaga kai sai na ga inda Habi take tsayawa. Ta bayan ɗakin, a kan wani bulo, cikin rana, daidai inda gilashin taga ɗaya ya fashe. Tun jiya tana wurin.

Na zaga na same ta. A can, ba surukarta, magana ta fito, a hankali, tana kallon ƙasa. Ciwon ba jiya ya fara ba, kwana huɗu ke nan. Ya yi jijjiga sau biyu a gida. An ba shi jiƙon sassaƙe, ya amayar. Fitsarinsa ya canza tun shekaranjiya. Ita ke wanke wandonsa, ita ta sani. Tsohuwa ba ƙarya ta yi ba, iyakar abin da ta gani ta faɗa, don ita yaro a wajenta yake wuni amma wajen uwarsa yake komawa in jiki ya yi zafi. Duk na kai wa likita, ya canza abin da zai canza, aka nemi jini aka ƙara masa.

Ban iya mayar da uwar ɗakin ba. In na fitar da tsohuwa na shigar da ita, na ci mutuncin tsohuwa, ita kuma Habi ba za ta yarda ta zauna a gadon ba ko an ɗaure ta. Sai na bar kowa a inda yake. Na cire sauran gilashin da ya fashe don kada ya yanke ta, na ba ta tsohuwar lema. Muka yi shiri ba tare da mun faɗa ba: in ta ga abu, ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga sau biyu da awarwaronta. Kwana uku a haka. Ta ƙwanƙwasa sau huɗu, kuma ko sau ɗaya ba ta kira ni a banza ba. Ma'aikata da yawa na yi aiki da su masu takarda, ban ga mai ido kamar nata ba.

A rana ta biyar yaro ya buɗe ido. Tsohuwa ta yi guɗa har nas ta tsawata mata. Ta shiga naɗe tabarma, ta ce Maigida ya tashi, gida za su, shanu ba mai tatsa. Ni kuwa idon bai yi mini ba. A buɗe yake tar, ba ja, ba yana, amma ba ya sauka a kan komai. Ku riƙe wannan: buɗe ido ba shi ne farkawa ba. Ciwon nan in ya sauka daga kai yakan tafi da wani abu. Wani ya tashi ba ya ji, wani ba ya gani, wani ɓarin jikinsa ya mutu, wani bakinsa ya ɗauke, wani sai bayan watanni farfaɗiya ta bayyana, ko yaro mai hankali ya koma duka da cizo. Dole a san me ya tafi kafin a sallame shi, don a gaya wa mutanensa abin da za su yi. In ba haka ba za a kai yaro ruga a ce iska ce, a yi ta turare.

Yadda Sista Rifkatu ta koya mini gwaji shi ne da fuskar uwa da muryarta. Yaron da ya sha wuya ba ya bin fuskar baƙo, ba ya amsa muryar baƙo. Na gwada tocila, ƙwayar idon ta tsuke amma bai bi hasken ba. Na tafa, bai motsa ba. Tsohuwa ta yi ta kiran Maigida a kunnensa, shiru. Likita ya ce ko dai bai gama dawowa ba, ko ji da gani duka sun tafi, a ƙara kwana biyu a gani. Tsohuwa ta ce ba za ta ƙara ko wuni ba, ɗanta yana zuwa da babur bayan la'asar.

Ranar kasuwar Bunkure ce. Na ce wa tsohuwa Maigidan nan nata ba zai koma ruga da rigar da ya yi ciwo a ciki ba, mace mai son mijinta sabuwa take saya masa. Ta harare ni, ta ce ni wa ya gaya mini ba ta son shi, ta ɗauki mayafi ta fita tana mita. Na leƙa taga na ce wa Habi ta zago.

Ta shigo kamar mai shiga gidan sarki. Ta tsaya nesa da gadon. Na ce ta matso ta sa fuskarta daidai tasa, ta kira shi. Ta ce, "Kai." Na ce ba haka ba, da sunansa. Ta girgiza kai. Matan ɗakin duk sun zuba mata ido, wata har tana dariya tana cewa Fulani da kunya. Na daka musu tsawa, na ce kowace ta juya ta dubi nata ɗan. Na ciro zanen gado biyu na rataya a igiyar gidan sauro, na kewaye gadon.

Na ce, "'Yar nan, ni na kore ki, ban kyauta ba. Yanzu ba kowa sai ni, ni ma ga bayana. In yana ji, muryarki kaɗai zai amsa. In ba ki kira ba, za a tafi da shi ba mu sani ba."

Na juya mata baya, amma na riƙe ƙafar yaron, ina leƙensa ta gefen ido. An daɗe. Har na ɗauka ba za ta yi ba. Sai na ji, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada bango ya ji:

"Usmanu."

Ƙafar ta motsa a hannuna. Ya juyo da kai wajen muryar, ya miƙa hannun dama yana lalube har ya kama awarwaronta. Ta sake kira, ya buɗe baki ya yi kuka, kukan farko tun zuwansa. Na ce ta matsar da fuskarta dama, ta matsar hagu, ba tare da magana ba. Idon bai bi ta ba. Ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta sa bakin zanenta ta share masa hanci.

Likita ya zo ya duba, ya ce ji yana nan, hankali ya dawo, idon kansa lafiya lau, can cikin ƙwaƙwalwa ne wurin gani ya taɓu. Ya ce irin wannan sau da yawa yakan dawo cikin makonni ko watanni, wani kuma ba ya dawowa, ba wanda zai yi alkawari. Hannun hagu ma ya yi rauni. Da uban ya zo na tsayar da shi a baranda tare da tsohuwa, na gaya musu da Hausa dalla-dalla: ba a ɗiga masa komai a ido, ba tozali, ba ruwan ganye, ba hayaƙi. Maganin da aka ba su a shanye shi duka. A kwana cikin gidan sauro. Kada a bar shi kusa da wuta ko kanal. Hannun a riƙa miƙar da shi ana ba shi abu ya damƙa. Na ƙara da cewa likita ya ce kullum da safe uwarsa ce za ta zauna gabansa ta yi masa magana, ita da kanta, umarnin asibiti ne. Likita bai ce ita da kanta ba, ni na ƙara. Tsohuwa ta ce to, in asibiti ne ya ce, ai ba kunya. Suka hau babur su huɗu, yaro a cikin sabuwar riga mai ruwan ɗorawa da ta yi masa yawa.

Yawancin waɗanda muke sallama ba ma sake jin labarinsu. Aka yanke shinkafa, aka dasa tumatir, ɗaki ya ragu, na koma shara da wanki. Wata rana da azahar ina shanya tsummana a bayan ɗakin, sai ga mai tallar nono ta sauke ƙwarya a kan bulon nan na gindin taga. Na ce ba na saye. Ta ɗaga faifai ta zuba mini a kwanon shana, sannan na gane Habi ce.

Muka gaisa. Na tambayi tsohuwa, na tambayi shanu, na tambayi mijinta. Ban tambayi yaron ba, na jira. Ta gyara gammo, ta mayar da faifai, har ta ɗora ƙwaryar a ka. Sai da ta juya baya ta ce hannun har yanzu ba ƙarfi, ba ya riƙe sanda. 

"Amma jiya ina tatsa, ya ce mini ƙuda ya faɗa a ƙwarya. Na duba, ga shi kuwa."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Iya, kin san shi ai. Wancan na jikin taga."